Layin da ban cike ba

Na shiga aikin ɗan sanda a 1989, na yi ritaya a 2024, kuma a cikin shekara 35 ɗin nan ban taɓa ɗaga bindiga a kan mutum ba. Duk sanda na faɗi haka a majalisa sai a ce Allah ya tsare ni, na fita ban ɗauki haƙƙin kowa ba. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, domin na san akwai bawan Allah da ya kwana wata bakwai a gidan yari saboda birona.

Da muka gama horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, burina bai wuce a kai ni sashen binciken manyan laifuka ba. An kai ni ɗin, amma ɗakin ƙarshe na ginin aka nuna mini, wanda ake ajiye bayanan masu laifi. Abin da aka duba shi ne rubutuna yana da kyau. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abokaina suna fita aiki da mota, ni kuma ga ni tsakanin kabad-kabad na ƙarfe da na katako, ga warin tsohuwar takarda da tawada, ga fanka ɗaya da ba a kunna ta sosai don kada ta watsa katuna.

Wani dattijon saje na tarar a ɗakin, kowa Baba Saje yake ce masa. Ranar farko bai ba ni kujera ba. Ya kama hannuna, ya shafa tawada a kan faranti da wani ɗan gungumen roba, ya mirgina yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga gefen farce zuwa ɗaya gefen, sannan ya haɗa huɗu-huɗu ya dangwala a ƙasan katin. Ya miƙo mini gilashin da ke ƙara girman abu ya ce, "Yaro, dubi gonarka." Na duba. Wallahi kunyoyi ne jere kamar an yi huɗa, wasu sun miƙe, wasu sun rabu biyu, wasu sun tsaya a tsakiyar hanya. Tun ina ƙarami nake ganin yatsuna, amma ran nan na fara ganinsu.

Shi da kansa ya raɗa wa zanen sunaye don mu gane. Wanda ya shiga ya lanƙwaso ya koma ta inda ya fito, lauje yake ce masa, kuma shi ya fi yawa, wajen shida cikin goma na yatsun mutane. Wanda ya naɗe kamar saƙar faifai, faifai ne, wajen uku cikin goma. Wanda ya hau ya sauka kawai ba lanƙwasa, tudu ne, shi ne mafi ƙaranci. Daga baya da aka tura ni kwas Legas na ji sunayensu na Turanci, na kuma ji tarihin tsarin rarraba zanen yatsu: an gina shi ne a Indiya a zamanin wani shugaban 'yan sandan Bengal, Edward Henry, tare da wasu ma'aikatansa biyu 'yan ƙasar, Azizul Haque da Hem Chandra Bose. An buɗe ofishin zanen yatsu a Kalkata a 1897, 'yan sandan Landan suka ɗauka a 1901, Turawa suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka. Amma har na bar aiki, a zuciyata lauje da faifai da tudu nake cewa.

Lissafin yana da daɗi ga mai haƙuri. Ana raba yatsu goma biyu-biyu. Faifai kaɗai ake ba wa maki: in ya faɗo a biyun farko 16 ne, na gaba 8, sai 4, sai 2, sai 1. A kowane biyu, makin yatsa ɗaya a sama ake rubuta shi, na ɗayan a ƙasa. A tara na sama daban, na ƙasa daban, a ƙara wa kowanne ɗaya. Abin da zai fito yana tsakanin 1 bisa 1 da 32 bisa 32, wato gida 1,024 ke nan da za a iya jefa kati. Daga nan sai a shiga ƙirga kunyoyi da tsinin allura don a ƙara tacewa. Da wannan lissafin nake zaro katin mutum ɗaya daga cikin dubbai ba tare da na tambayi sunansa ba.

Ai dole ma mu dogara da yatsa, domin suna a ƙasarmu ba ya tsayar da mutum. A durowa ɗaya sai ka samu masu suna Sani Abubakar sun cika hannu biyu. Wani yau Ɗanladi ne, in an sake kama shi ya ba da sunan yanka, karo na uku ya ba da laƙabin da ake kiransa a tasha, kuma ba lalle ƙarya yake ba, duk sunayensa ne. Ka tambayi shekaru a ce maka, "An haife ni shekarar da aka kashe Murtala," sai ka rubuta 1976. Wani ya ce lokacin rikicin Maitatsine yana goye, ka lissafa daga 1980. Adireshi kuwa, bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi. Shi ya sa muke rubuta tsawo, da tabo, da bille ko wata aska in akwai. Hannuwa ma kowanne da labarinsa. Birkila siminti ya cinye masa kunyoyi, sai ka bar shi ya kwana biyu ka sake gwadawa. Mahauci duk yanka ne. Na taɓa ɗaukar wani tsoho da kuturta ta bar masa yatsu shida, na rubuta a gurbin sauran cewa babu, shi yana kallona ni ina kasa kallonsa.

A bayan kowane kati akwai layuka: ranar kamu, caji ofis ɗin da ya kawo, laifin da ake zargi, kotun da aka kai, sai layi na ƙarshe, hukuncin kotu. Na farkon duk suna cika a rana ɗaya, don mutumin yana gabanka. Na ƙarshen kuwa sai bayan watanni ko shekaru, in ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tuna ya aiko da 'yar takarda. Baba Saje ya taɓa ce mini, "Mala'iku biyu Allah ya sa wa ɗan Adam, na dama da na hagu. Ɗakin nan aikin na hagu kaɗai yake yi. In ba ka cike layin ƙarshe ba, ba wanda zai rubuta wa mutum alherinsa a nan." Na ji maganar, na yaba, amma ban riƙe ta yadda ya kamata ba. Ya yi ritaya a 1998, ɗakin ya dawo hannuna.

A ƙarshen 2002 aka fasa wasu shaguna a wata kasuwa, aka yi samame aka kwaso samari da yawa. Cikinsu akwai wani mai tura baro, bai fi shekara 19 ba. Na ɗauki yatsunsa kamar na kowa, ban ma riƙe fuskarsa ba. Aka kai su kotun majistare bisa zargin haɗa baki da fasa shago. A watan Afrilun 2003 kotu ta sallame shi, don ba wanda ya zo ya ce ya gan shi. Mai gabatar da ƙara ya yi aikinsa, ya aiko da takardar. Ta iso ana cikin hidimar zaɓe, wanda aka yi na majalisa ranar 12 ga wata, na shugaban ƙasa da gwamnoni ranar 19. An kwashe mu kaf, har mu 'yan ofis, aka rarraba mu rumfuna. Na sa hannu a rajistar karɓa, na tura takardar cikin durowa da niyyar in na dawo zan shigar. Na dawo a gajiye, sabon aiki ya taru, takardar ta zame can ƙarƙashi.

A dokar 'yan sanda ta wancan lokacin, mutumin da ba a taɓa samunsa da laifi ba, in kotu ta sallame shi ko ta wanke shi, hotonsa da zanen yatsunsa lalata su ake yi ko a miƙa masa abinsa. Wato katin nan bai kamata ya sake kwana a kabad ɗina ba. Ya kwana shekara uku.

A 2006 aka yi faɗa a bakin kasuwa kan layin lodi, aka fasa wa wani kai, aka kama mutum huɗu har da shi. Mai bincike ya aiko da yatsunsu a duba ko akwai wanda aka sani. Na yi lissafina, na zaro kati, ya yi daidai. Har daɗi na ji, irin daɗin da ma'aikaci ke ji in aikinsa ya fito. Na rubuta amsa: yana da kati, haɗa baki da fasa shago, 2002. Ban ƙara ko harafi ba. Layin ƙarshe yana nan fari fat a gabana, ban tambayi kaina dalili ba. Kowace kalma da na rubuta gaskiya ce, amma duk wanda ya karanta abin da zai fahimta shi ne tsohon ɓarawo ne. Da aka je kotu mai gabatar da ƙara ya ce wannan ba baƙon hannu ba ne. Sauran ukun aka ba su beli mai sauƙi suka tafi gida. Shi aka ce sai ya kawo babban ma'aikacin gwamnati mai gida a cikin gari ya tsaya masa. Mai tura baro ina zai samo wannan?

Wata bakwai bayan haka, wata Laraba da hantsi, kofur na bakin ƙofa ya ce mini ga wata tsohuwa ta ƙi tafiya. Kwana uku tana zuwa, ana tura ta daga wannan ofis zuwa wancan. Na fito na same ta a tsugune a gindin bishiyar darbejiya, ta rungume wata ƙaramar kwalla. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, lafiya?"

"Yallaɓai, kai ne mai littafin?"

"Ni ne, Inna."

"An ce a littafinka aka ga ɗana ɓarawo ne. Ni ban iya boko ba. Amma alƙali ya ba shi wannan, ya ce ya tafi ba shi da laifi. Ka karanta mini ko ni ce ban gane ba."

Ta buɗe kwallar, ta zaro leda, cikin leda tsumma, cikin tsumma takarda mai hatimin kotu da ta yi laushi don ninki. Tun kafin in gama karantawa gabana ya faɗi. Na ce ta jira ni. Na koma na buɗe rajistar karɓa ta 2003, na bi da yatsa har Afrilu. Ga lambar shari'ar, ga sa hannuna. Na zazzage durowar a ƙasa. Takardar tana can maƙale a bayan katako, gara ta ci gefe ɗaya, amma sunan da hukuncin suna nan.

Na daɗe a zaune a ƙasan ɗakin. Shaiɗan ya zo mini da shawara mai sauƙi: in cike layin yanzu da tsohuwar rana, in ce kuskure daga kotu ne, ba wanda zai bincika. Ina da mata da 'ya'ya huɗu a lokacin, ina jiran ƙarin girma. Ba jarumta ce ta hana ni ba. Tsohuwar ce a waje, kuma ta ce in karanta mata ko ita ce ba ta gane ba.

Na fita na ce, "Inna, ke kika gane. Ɗanki alƙali ya sallame shi. Takardar ta zo hannuna, ni ne ban rubuta ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wata bakwai fa. Matarsa ta haihu ba ya nan. An raɗa suna ba ya nan."

Ranar na shiga wurin shugabana da rajistar da katin da takardar, na faɗi yadda aka yi. An ba ni takardar tuhuma, ƙarin girmana ya yi jinkiri, kuma ban ga an zalunce ni ba. Aka rubuta wa kotu gyara, aka sassauta belin, cikin mako biyu ya fito. Shari'ar faɗan ma daga baya aka kore ta, don wanda aka fasa wa kai ya ce ba shi ne ya buge shi ba.

Na je gidansu da yamma bayan ya fito. Ya ƙi fitowa. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta kawo ruwa. Na roƙi gafara. Ta ce, "Ni na yafe nawa, duniya da lahira. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, sai ka neme shi." Na koma sau biyu ban same shi ba. A na uku aka ce ya tafi Kudu da matarsa, domin a kasuwa an daina ba shi kaya. Wanda aka ce an gani a littafin 'yan sanda, takardar kotu ba ta wanke shi a bakin mutane.

Daga wannan shekarar na sauya yadda nake aiki. Na sayi babban littafi da kuɗina, na bi kabad ɗaya bayan ɗaya ina fitar da duk katin da layinsa na ƙarshe ba komai. Yawansu ya tsorata ni. Duk ranar Alhamis in na rage aiki sai in hau babur ɗina in zaga kotuna, in zauna da magatakarda muna buɗe tsofaffin rajista. Wasu sun ɗauka neman suna nake, wasu suka saba da ni har suna ajiye mini sakamako kafin in zo. A nan na ga abin da ban sani ba ina zaune a ofis: da yawa daga cikin katunan nan na mutanen da aka sallama ne. In an ɗaure mutum labari yana zuwa da kansa, don gidan yari ma yana da takarda. In an sake shi, kowa ya watse da murna, ba mai tuna ɗakin ƙarshe. Na kuma koya wa duk yaron da aka turo mini cewa sallama daban, wankewa daban, ɗauri daban, tara daban, shari'ar da ba a gama ba daban, kuma ba a amsa tambaya da "yana da kati" a tsaya. Ko ka faɗi yadda ta ƙare, ko ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a samu hukunci ba tukuna. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. A kotu ake karanta wannan, amma a irin ɗakina ake karya shi ba da hayaniya ba.

Masu zuwa da buƙata kuwa ba su taɓa yankewa ba. Akwai mai son a ɓatar masa da kati, musamman in zaɓe ya matso, tunda tsarin mulki ya hana takara ga wanda aka samu da laifin rashin gaskiya cikin shekara goma kafin zaɓen. Akwai mai son a leƙa masa na abokin hamayya. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne uba mai binciken aure, ya zo da ladabi ya ce a duba masa yaron da ke neman 'yarsa. Na fahimce shi sarai, ni ma uban 'ya'ya mata ne, amma ban taɓa buɗe masa ba. Sirrin mutane ne aka ba ni ajiya. Wanda ke son shaidar kansa akwai hanyarta, takardar shaidar kyawun hali da ake nema don biza ko aiki ko karatu a waje, wadda ake tantancewa da babbar rajistar ƙasa da ke Alagbon a Ikoyi, yanzu ma ta intanet ake fara cikewa.

A 2015 aka sa hannu a dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, jihohi suka bi sahu da nasu. Ranar da na karanta sashe na 15 da na 16 sai da idona ya ciko. Na 15 ya jera abin da za a rubuta in an kama mutum, har da tsawo da hoto da zanen yatsu. Na 16 ya kafa rajista ta ƙasa da ta kowace rundunar jiha, ya kuma ce a aika hukuncin kotu cikin kwana 30. Abin da nake bi a kan babur ya zama doka. Amma doka ba ta hawa babur, sai an samu mai ɗauko takardar. Kwamfuta ma ta zo, da na'urar ɗaukar yatsa ba tawada, abin da nake yini ina ƙirgawa ta yi shi kafin ka kurɓi shayi. Na yi murna da ita, musamman bayan Oktoban 2020 da aka ƙona caji ofis da dama da babbar kotun Igbosere a Legas, takardun shekaru suka zama toka. Sai dai na lura a allon ma akwai wannan layi na ƙarshe, kuma in an bar shi fari, yanzu ba a kabad ɗaya zai tsaya ba, ko'ina zai je cikin ƙiftawar ido. Har yau wajen biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke. Kowannensu yana da layin da ba a cike ba a wani wuri.

Katin mai baron nan, doka ta ce a lalata ko a ba shi. Na so in miƙa masa hannu da hannu, amma ban ga dacewar in ci gaba da riƙe abin da ba ni da ikon riƙewa ba. A gaban shugabana da wani shaida na ƙona shi a bayan ofis, na rubuta a rajista. Sai dai lissafin yatsunsa ya zauna mini a ka, ban iya goge shi ba.

Tsohuwar ta rasu a 2011, na je jana'iza, shi bai samu isowa ba sai bayan na tafi. Na samu lambar wayarsa wurin wani ɗan'uwansu, na kira, da ya ji ko wane ne ya kashe. Ban sake kira ba, don na ga kamar ina ƙara masa ciwo ne. Tun da na yi ritaya nakan je tashar manyan motoci in tambayi direbobin da ke kai kaya Kudu. An fara ce mini yana kasuwar Mile 12 a Legas, daga baya aka ce ya koma Sabo a Ibadan yana sayar da albasa, yaron da aka haifa yana tsare har ya gama sakandare. Wani direba ya yarda zai kai masa saƙo cewa ina neman izinin zuwa. Watan jiya ya dawo ya ce ya isar, mutumin ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka ce masa na ji." Na ware kuɗin mota daga fanshona. Bayan Babbar Sallah zan tafi.